Wane maganin tsananin damuwa ne ya fi aiki? Muhawara a zauren Hausawa mazauna Saudiyya

Ummu Halima, Jidda

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu ilimi a cikinmu game da ƙanena, wanda yake tuƙin mota a nan Jidda. Watanni ke nan ba ya samun barci, ba ya iya cin abinci, kuma ya daina shiga mutane, har muka lallashe shi ya je asibiti. Likita ya ce ciwon tsananin damuwa ne, ya rubuta masa Cipralex mai miligiram 10 kullum da safe. Bai cika wata guda da farawa ba, amma ban da tashin zuciya da ciwon kai ba mu ga wani canji ba. Maƙwabciyata ta ce shi ma likitan ya san Remeron ya fi ƙarfi, domin ita a cikin mako guda ta samu barci da shi. Kawunmu kuma daga gida ya aiko cewa duk waɗannan na zamani ne marasa ƙarfi, a nemo masa Tryptizol. Ina roƙon a gaya mini gaskiya: akwai wanda ya fi sauran aiki a cikin magungunan nan, ko kuwa mu haƙura da wanda aka ba shi?

Abu Yusuf, mai haɗa magunguna, Riyad

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wannan tambayar an yi mata bincike mai girma, kuma mafi faɗi a cikinsu shi ne wanda Andrea Cipriani na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet a 2018. Sun tattaro gwaje-gwaje 522 da aka yi a kan mutum 116,477, suka kwatanta magunguna 21 a cikin kimanin mako takwas na farkon jinya. Abin da suka fara tabbatarwa shi ne dukkan ashirin da ɗayan sun fi ƙwayar wofi, wato wadda babu sinadarin magani a cikinta, amfani. A ma'aunin da suka yi aiki da shi, inda 1 ke nufin babu bambanci da ƙwayar wofi, amitriptyline, wanda shi ne Tryptizol ɗin da kawunku ya ambata, ya samu 2.13, shi ne a sama, reboxetine kuma ya samu 1.37, shi ne a ƙasa.

Da aka duba gwaje-gwajen da aka gwama magani da magani kai tsaye, waɗanda suka fi tasiri su ne agomelatine, amitriptyline, escitalopram, mirtazapine, paroxetine, venlafaxine da vortioxetine. Ki lura da kyau, duka ukun da ake gardama a kansu a gidanku suna cikin wannan sahu, domin Cipralex shi ne escitalopram, Remeron kuma shi ne mirtazapine. Sai dai an sake auna wani abu dabam, wato yawan mutanen da suke jure wa maganin ba su jefar da shi ba, kuma a nan escitalopram yana cikin na gaba tare da sertraline, citalopram, fluoxetine, agomelatine da vortioxetine, yayin da amitriptyline da venlafaxine suke cikin waɗanda aka fi gudu. A ganina likitan ƙanenki bai yi zaɓen banza ba, ya ɗauki wanda ya haɗa tasiri da sauƙin jurewa. Ni da za a ce in zaɓi biyu a fara da su ga mafi yawan mutane, escitalopram da sertraline zan ambata, kuma haka waɗannan masu binciken suka nuna tun a aikinsu na 2009.

Malam Sani, malamin lissafi, Madina

Abu Yusuf, na gode da wannan bayani, amma ina da ja a kan ginshiƙin da aka ɗora shi. Binciken da yake tattaro gwaje-gwaje ba zai fi gwaje-gwajen da aka zuba masa tsabta ba, kuma da yawa daga cikinsu kamfanonin da ke sayar da magungunan ne suka biya kuɗinsu. A 2008 Erick Turner ya wallafa a mujallar New England Journal of Medicine cewa ya bi diddigin gwaje-gwaje 74 da aka yi wa rajista a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka. Wanda ya karanta mujallu kawai zai ga kashi 94 cikin ɗari na gwaje-gwajen sun yi nasara, alhali a lissafin hukumar kashi 51 ne kacal, domin waɗanda ba su yi daɗi ba an ɓoye su ko an yi musu kwaskwarima. A wannan shekarar kuma Irving Kirsch ya nuna cewa ratar da ke tsakanin maganin da ƙwayar wofi ƙarama ce, sai ga waɗanda ciwonsu ya tsananta ƙwarai. Idan ratar da ke tsakanin magani da babu magani ƙarama ce, ina dalilin da za mu zauna muna jera na ɗaya da na biyu a tsakaninsu? Ba ina cewa kowa ya zubar da maganinsa ba ne, ina cewa ne a daina faɗa wa mutane tabbacin da lissafin bai bayar ba.

Dakta Maman A'isha, likitar ƙwaƙwalwa, Makka

Malam Sani, abin da ka kawo gaskiya ne, kuma mu da muke wannan aiki bai kamata mu ji haushin a faɗe shi ba. Sai dai a yi wa aikin 2018 adalci: masu shi sun san da matsalar ɓoye sakamako, shi ya sa suka nemo bayanan da ba a wallafa ba suka haɗa, kuma duk da haka magungunan sun fi ƙwayar wofi. Su da kansu sun rubuta cewa tasirin matsakaici ne. A taƙaice, a irin waɗannan gwaje-gwaje kimanin rabin masu shan magani suke samun sauƙin da ya kai a ƙidaya, wato alamominsu su ragu da rabi, yayin da kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na masu shan ƙwayar wofi su ma suke samun hakan, saboda ana duba su a kai a kai, ana saurarensu, kuma ciwon kansa yakan lafa da lokaci. Wannan rata ba babba ba ce, amma ga mutumin da ya kasa tashi ya nemi abincin iyalinsa, ba abin rainawa ba ce. Saboda irin hujjarka ne ma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a 2022 kada a riƙa fara wa mai ƙaramin ciwo da ƙwaya sai idan shi ya zaɓa, a fara masa da jinyar tattaunawa da motsa jiki da makamantansu.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne batun jerin gwano. Bambancin da ke tsakanin na sama da na tsakiya a wancan jeri ƙanƙane ne, kuma matsakaici ne na dubban mutane, ba ya gaya mini abin da zai faru da mutum ɗaya da ke zaune a gabana. Abin da yake raba magungunan nan a zahiri shi ne illolinsu da kuma jikin wanda zai sha. Mai ciwon zuciya nakan fi karkata masa zuwa sertraline, domin an gwada shi a kan waɗanda suka yi bugun zuciya aka ga bai cutar da su ba. Mai hawan jini ina taka-tsantsan da ba shi venlafaxine, saboda yana iya ƙara hawan idan an ɗaga yawansa. Mai ciwon sukari da ƙiba ba na gaggawar ba shi mirtazapine. Wanda ya haura shekara sittin ba a wuce masa miligiram 20 na citalopram, saboda yana taɓa tsarin bugawar zuciya. Agomelatine kuwa sai an riƙa auna hanta. Akwai kuma abin da mazanmu da matanmu ba sa iya furtawa a gaban likita, wato raguwar sha'awar iyali, wadda take yawan zuwa da escitalopram da sertraline da paroxetine da danginsu; mutane da yawa saboda ita suke ajiye maganin a ɓoye, alhali da sun faɗa da an rage ko an sauya musu zuwa wanda bai cika jawo hakan ba.

Hajiya Ummu Halima, game da ƙanenki, lokacin yanke hukunci bai yi ba. Tashin zuciya da ciwon kai suna zuwa ne a farko kuma galibi suna wucewa a cikin mako ɗaya ko biyu, amfanin kuwa yakan fara bayyana tsakanin mako biyu zuwa huɗu, cikarsa ta kai shida zuwa takwas. Ya riƙa sha bayan ya ci abinci. Idan ya cika mako huɗu babu ko alamar motsi, ya koma wurin likitansa, domin akwai damar ɗaga shi zuwa miligiram 20 ko a sauya masa gaba ɗaya.

Baba Alhaji, Shara Mansur, Makka

'Ya'yana, ina karanta ku, kuma ina jin Abu Yusuf da bakinsa ya ce tsohon maganin shi ne ya zo na ɗaya. Tun ina da ƙarfina nake ganin ana ba mutane Tryptizol a gida da nan, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma suna warkewa. Mutanenmu da yawa a garin nan ba su da inshora, abin da suka samu a yini shi za su ci. To me ya sa za a bar mai araha wanda ya fi ƙarfi, a rubuta wa talaka mai tsada? Ni zuciyata tana raya mini cewa ciniki ne ya shigo cikin lamarin.

Abu Yusuf, Riyad

Allah ya ƙara girma Baba. Maganarku tana da tushe, domin amitriptyline tun farkon shekarun 1960 ake amfani da shi, kuma har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tare da fluoxetine. Ba a yar da shi ba. Abin da ya sa ba a cika fara wa mutum da shi ba abu uku ne zuwa huɗu. Yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana kawo jiri idan mutum ya miƙe tsaye, yana sa gyangyaɗi da rana, kuma ga dattijo yana iya riƙe fitsari ko rikita tunani. Ku duba wanda ake magana a kansa, direba ne da yake yini a kan titunan Jidda cikin zafi, gyangyaɗi a wurinsa ba ƙaramin haɗari ba ne. Mafi nauyi kuma shi ne idan aka sha shi fiye da ƙima yana tsayar da zuciya, kuma wanda ake ba wa maganin mutum ne da ciwonsa kansa yakan raya masa ya cutar da kansa. Sababbin magungunan sun fi shi aminci ta wannan fuska nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani ruɗani da nake gani a kantin magani. Miligiram 10 ko 25 da ake ba mutane da dare domin ciwon jijiya ko ciwon kai ko rashin barci bai kai yawan da ke maganin tsananin damuwa ba, wanda yakan fara daga 75 zuwa sama, kuma a nan ne illolin suke fitowa sosai. Batun tsada kuwa yana da mafita, domin escitalopram da sertraline da fluoxetine duk wa'adin mallakar kamfanonin da suka ƙirƙiro su ya ƙare, kamfanoni da dama suna yin su, har da na cikin ƙasar nan. Mutum ya tambayi mai kanti ya ba shi mai sinadari iri ɗaya wanda ya fi sauƙin kuɗi, matuƙar hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta yi masa rajista.

Hajiya Ummu Bashir, Jidda

Ni ina cikin waɗanda suka sha Remeron, kuma ba na jin kunyar faɗa, domin ciwo ne kamar kowane ciwo. Bayan rasuwar maigidana na rame har mutane ba sa gane ni, dare kuma ya zama mini azaba. An fara ba ni sertraline, ya hana ni sakat da gudawa da rashin natsuwa, sai likita ta sauya mini. Daga daren farko na yi barci, abinci ya dawo mini, amma nauyin da ke ƙirjina sai da aka yi makonni kafin ya fara sauka. Daga baya kuma ƙiba ta zo mini har gwiwoyina suka fara ciwo. Ƙawata da muka fara tare ita sertraline ɗin ne ya karɓe ta, har yau ba ta da ƙorafi a kansa.

Dakta Maman A'isha, Makka

Allah ya jiƙan Alhaji, Hajiya, kuma na gode da kika fito kika faɗa. Labarinki ya warware abin da maƙwabciyar Ummu Halima ta gani. Mirtazapine yana sa barci da cin abinci tun daga kwanakin farko, shi ya sa mai shansa yake jin kamar ya fi sauran sauri, amma warkewar damuwar kanta tana bin nata lokacin. Ga wanda rashin barci da rama suka fi damunsa zaɓi ne mai kyau ƙwarai, kuma ba mamaki idan likitan wannan yaro ya koma kansa nan gaba. Abin da nake roƙo shi ne kada a karɓo ragowar na maƙwabciya a haɗa masa da nasa.

Sauya magani kuma ba alamar gazawa ba ce, haka jinyar take. A babban gwajin da aka yi a Amurka mai suna STAR*D, wanda sakamakonsa ya fito a 2006 kuma ya ɗauki mutum fiye da dubu huɗu, kowa da citalopram aka fara masa, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka warke sarai a matakin farko. Waɗanda ba su warke ba aka sauya wa wasunsu zuwa sertraline ko bupropion ko venlafaxine, sai aka tarar kusan ɗaya cikin huɗu ya warke a kowane rukuni, babu wanda ya yi wa sauran fintinkau. Wannan a wurina ya fi kowane jerin gwano amfani, domin ya nuna cewa wanda na farko bai karɓe shi ba yana da dama a na biyu, ko da kuwa daga dangi ɗaya suke.

Malam Sani, Madina

Dakta, tunda kin kawo STAR*D, a cika maganar. Shekaru da yawa ana yawo da cewa kashi 67 cikin ɗari suna warkewa idan aka bi matakan jinya huɗu na wannan gwajin, amma a 2023 wasu masu bincike sun sake lissafa bayanan bisa ƙa'idar da aka tsara tun farko, suka wallafa a mujallar BMJ Open cewa adadin bai wuce kusan kashi 35 ba. Haka kuma a 2022 Joanna Moncrieff da abokanta sun duba hujjojin da ake cewa ƙarancin sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa ne ke kawo ciwon, suka ce ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa wa mutane a ranar farko ba, wato wahalar dainawa. Na san wanda ya tafi hutu gida maganinsa ya ƙare, ya kwana biyu yana jiri da jin kamar lantarki na fizgar kansa, har danginsa suka ɗauka iska ce ta taɓa shi. Ashe wannan bai kamata ya shiga cikin ma'aunin wane ya fi ba?

Dakta Maman A'isha, Makka

Ya kamata ya shiga, Malam, kuma a nan bambancin magungunan a fili yake. Paroxetine da venlafaxine su ne suka fi wahalar dainawa saboda suna fita daga jini da sauri, fluoxetine kuwa yana daɗewa a jiki, shi ya sa nasa ya fi sauƙi. Ga mutanenmu da suke tafiya gida su yi wata biyu ko uku, ko waɗanda aikinsu ba ya ba su damar komawa asibiti a kan lokaci, wannan dalili ne mai ƙarfi da nake sakawa a lissafi tun kafin in rubuta. Ba jaraba ba ce irin ta kayan maye, domin mutum ba ya ƙishirwar ƙari, amma jiki ya saba, don haka a hankali ake ragewa cikin makonni ko watanni. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warke. A gwajin da aka yi a Ingila a kan mutum 478 da suka daɗe suna sha, wanda ya fito a 2021, kashi 56 cikin ɗari na waɗanda aka janye wa maganin ciwon ya dawo musu a cikin shekara guda, a waɗanda suka ci gaba kuma kashi 39. Kowa ya karanta wannan zai ga abu biyu, cewa ci gaba yana karewa, kuma cewa mutane da yawa sun daina lafiya lau.

Adadin 67 ni ma ba na faɗa wa marasa lafiyata shi. Batun serotonin kuma, ba na ce wa kowa wani sinadari ne ya ƙare masa a kai. Hujjar amfanin maganin daga gwaji a kan mutane ta fito, ba daga waccan fassarar ba, kuma ciwon yana da saiwoyi a cikin gado da rashi da kaɗaici da bashi da zaman baƙunta, waɗanda ƙwaya ita kaɗai ba ta cire su.

Ummu Halima, Jidda

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan hana a sauya masa komai sai ya koma asibiti. Shekararsa 23, ban sani ba ko wannan yana da muhimmanci. Sannan idan azumi ya zo yaya zai yi, kuma ko ya bar ruƙiyyar da ake yi masa?

Dakta Maman A'isha, Makka

Yana da muhimmanci sosai, Hajiya. Tun 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta faɗaɗa gargaɗinta ya haɗa da matasa 'yan ƙasa da shekara 25, cewa a makonnin farko ko lokacin da aka sauya yawan magani tunanin cutar da kai yana iya ƙaruwa ga wasunsu, kuma gargaɗin ya shafi dukkan magungunan, ba Cipralex kaɗai ba. Ku kasance kusa da shi, ku tambaye shi a fili ba tare da tsoro ba, domin tambayar ba ta dasa tunanin. Idan ya ambaci mutuwa, ko ya kasa zama wuri ɗaya, ko kuma ya juye ya daina barci gaba ɗaya yana surutu da kashe kuɗi ba kai, ku kai shi sashen gaggawa a ranar, kuma lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana ba da shawara dare da rana. Kada ya haɗa shi da tramadol, domin haɗuwarsu tana da haɗari. Azumi ba matsala ba ne tunda sau ɗaya ake sha, sai ya mayar da shi lokacin sahur ko buɗa-baki da sanin likitansa. Addu'a da karatun Alƙur'ani su ci gaba, ba su hana magani ba, sharaɗin kawai kada wani ya ce masa ya ajiye ƙwayar.

Abu Yusuf, Riyad

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu musamman wanda ba a taɓo ba. Mafi yawan gwaje-gwajen nan a Amurka da Turai da Japan aka yi su, alhali hanta ba iri ɗaya take sarrafa magani a kowace al'umma ba. Akwai wani sinadarin hanta mai suna CYP2D6 wanda shi ke narkar da amitriptyline da paroxetine da venlafaxine. Binciken da aka yi a shekarun 1990 ya gano cewa kashi 29 cikin ɗari na Habashawan da aka gwada, da kusan ɗaya cikin biyar na Saudiyawa, suna ɗauke da ƙarin kwafin ƙwayar halittarsa, wanda ke iya sa maganin ya fice daga jikinsu da wuri har a ga kamar ba ya aiki. A tsakanin baƙar fatar Afirka kuma akwai wani nau'insa mai rauni da ya yawaita, wanda ke sa maganin ya taru, illarsa ta fito ko da a ɗan ƙaramin awo. Escitalopram da sertraline sun fi bin wata hanyar dabam mai suna CYP2C19, ita ma tana bambanta daga mutum zuwa mutum. Saboda haka idan ɗan'uwanmu ya dawo ya ce ƙwaya ɗaya ta kayar da shi, ko ya ce ya sha wata biyu bai ji komai ba, bai kamata a ɗauka raki ne ko taurin kai ba, a sake duba awon da nau'in maganin.

Malam Sani, Madina

Wannan batu na ƙarshe ya ƙara mini ƙarfi a kan abin da na tsaya a kai, Abu Yusuf, cewa jerin na ɗaya da na biyu ba da jikinmu aka auna shi ba. Zan so Dakta ta yi mana bayani na dabam a kan jinyar tattaunawa, yadda tasirinta yake idan aka gwama ta da ƙwaya, da kuma yadda wanda Larabcinsa bai nuna ba zai same ta a garuruwan nan.